Tambaya da Amsa: Ga Mai Son Fara Fatsa a Bahar Maliya

Da zafi ya fara sauka a Hijaz, wasiƙun da ke zuwa wannan fili sukan karkata ga bakin teku. Na wannan karon yawancinsu daga mutanen da ba su taɓa riƙe ƙugiya ba ne, ko waɗanda suka gwada suka dawo da kula wayam. Mun tara masu kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Makka ne, wajen Shara Mansur. Abokan aikina suna zuwa Shu'aiba kamun kifi ran Juma'a da dare, ina so in bi su. Na shiga shagon kayan su a Jidda, mai shago ya baje mini kaya har kaina ya ɗaure, na fito ban sayi komai ba. Me zan saya tun farko?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fitowar da ka yi hannu rabbana ita ce dabara ta farko da ka yi daidai. Mai farawa daga gaɓa abu kaɗan yake buƙata.

Sanda, wadda a shago za ka ji ana kira sinnara: nemi mai tsawon mita 2.7 zuwa 3, mai gaɓa biyu da ake haɗawa. Kusa da mariƙinta akwai rubutu da ke nuna nauyin darmar da take iya jefawa, ka nemi wadda aka rubuta giram 20 zuwa 80 ko kusa da haka. Sandunan da ake zuƙewa cikin juna suna da daɗin ɗauka a mota, amma yashi na shiga gaɓoɓinsu, zobbansu kuma suna karkacewa. Doguwar nan mai mita 4 ta masu jifa mai nisa ce, za ta gajiyar da kai tun kafin ka iya jifan.

Makina, wato injin naɗe zare: mai lamba 4000 ko 5000, irin wadda ake ratayawa a ƙarƙashin sanda. A nan ne za ka zuba mafi yawan kuɗinka. Sanda mai araha takan yi shekaru, makina mai araha gishiri ke cinye ta cikin 'yan watanni. Ka juya ta a shago, ka ji ko tana tafiya sumul, ka ja zare ka ga ko birkinta yana saki a hankali ko yana fizga.

Zare: nailan mai kaurin milimita 0.35 ko 0.40, mita 150 zuwa 200. Za a tallata maka zaren saƙa da suke kira harir. Yana da kyau, ya fi siriri, ya fi ƙarfi, amma idan ya cukurkuɗe ba ya warwaruwa, yana yanka yatsa, kuma dutsen murjani na datse shi nan take. Bar shi sai baɗi. Ka ƙara ƙaramin naɗi na 0.50 da wani na 0.25, za ka ga amfaninsu a ƙasa.

Ƙugiya, wadda mutanen Jidda ke kira jalab: lambarta juye take, lamba 10 ta fi lamba 4 ƙanƙanta, sai an kai 1/0 da 2/0 sannan girma ya fara bin lamba. Kamfanoni ma ba su daidaita a kan lambar ba, don haka ka auna da ido. Wadda buɗin bakinta bai wuce faɗin farcen ƙaramin yatsanka ba ita ce ta yau da kullum. Sayi fakiti ɗaya irin wannan, ɗaya mafi ƙanƙanta, ɗaya mafi girma kaɗan, duka masu ido, domin marasa ido ƙullinsu daban ne. Sai darma goma tsakanin giram 30 da 60, majuyi goma, wato ɗan ƙarfen nan mai ido biyu da ke hana zare murɗewa, awwama biyu masu yawo a saman ruwa, filaya mai dogon baki, ƙaramar wuƙa, tsohon tawul, fitilar goshi da kula.

Kifayen roba masu ƙyalli da ke rataye a bangon shago, ka gaishe su ka wuce. Suna kamu, amma a hannun wanda ya riga ya iya jifa ya kuma san ruwa.

TAMBAYA: Na sayi kayan, amma sau biyu kifi na kamawa sai in jawo zare ba ƙugiya. Kuma duk jifan da na yi sai zare ya fito a dunƙule ya cukurkuɗe. Zaren ne jabu? Daga wani matashi a Jidda.

AMSA: Da wuya. Dubi bakin zaren da ka jawo. In ya nannaɗe ya lanƙwashe, ƙullinka ne ya zame. In ya yanke tsaf ko ya yi kaushi, dutse ne ko haƙorin kifi. Ƙullin da muke ɗaure buhu da shi ba ya riƙe nailan, saboda santsinsa. Koyi wannan guda ɗaya, ya ishe ka ɗaure ƙugiya da majuyi da darma.

Zura zaren ta idon ƙugiya, ka jawo kamar santimita 15, ka kwantar da shi a jikin uwar zaren, sun zama biyu a jere. Ɗauki bakin, ka lanƙwaso shi baya wajen ƙugiya ya yi da'ira a kan zaren biyun. Ta cikin da'irar nan ka naɗe bakin a jikin zaren biyu sau shida. Jiƙa wurin da yawu, wannan ba wasa ba ne, domin nailan busasshe na zafi idan aka ja shi, zafin kuma na raunana shi. Ja bakin a hankali har naɗin ya taru, sannan ka ja uwar zaren ƙullin ya gangara ya zauna a idon ƙugiya. Yanke saura ka bar milimita 3. Rataya ƙugiyar a jikin wani ƙarfe ka ja da ƙarfi. Gara ya tsinke a hannunka. Ka yi ta maimaitawa a ɗaki har ka iya shi ba tare da kallo ba, tun da a duhu da iska za ka riƙa ɗaure shi.

Cukurkuɗewa kuwa dalilanta uku ne sanannu. Ko ka cika kwarkwaron makina har baki, alhali ana barin milimita 2. Ko ka naɗe zaren sako-sako, domin dole ne ya bi ta tsakanin yatsunka ko jiƙaƙƙen tsumma yana da ɗan tauri lokacin da ake naɗe shi. Ko kuma kana juya makina alhali kifi ko dutse na jan zare birki na saki, kowane juyi a wannan hali murɗa zaren yake yi.

Ga yadda ake jifa. Bar darma ta sauko kamar rabin mita daga bakin sanda. Danne zare da manuniya a jikin sanda, ka buɗe ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke kan kwarkwaro. Waiga bayanka tukuna, mutane da yawa sun sha ƙugiya a kunne a bakin Kornish, titin nan na gaɓar teku a Jidda. Kai sanda baya, ka kawo ta gaba a tafiya ɗaya ba fizga ba, ka saki yatsa lokacin da bakinta ke nuna sama ta gabanka. In darma ta daki ruwa a gabanka, ka makara wajen saki. In ta tashi sama ta faɗo kusa, ka yi gaggawa. Da ta taɓa ruwa, rufe ƙarfen da hannu, ka ja zaren ya miƙe kafin ka fara naɗewa. Je wani fili da darma kawai ba ƙugiya, ka yi awa guda kana gwadawa.

Birki kuma kada ka ɗaure shi tamau. Ɗaura gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a bakin zare ka ɗaga da sanda a hankali. Ka daidaita shi yadda zare zai fara saki daidai lokacin da gorar ke shirin barin ƙasa.

TAMBAYA: Malamai, darma da ƙugiya sun fi kifi cin kuɗina. Duk jifa sai ta maƙale a ƙasa. A gida Najeriya na yi fatsa a kogi ina yaro, ban san wannan ba. Daga wani direba a Yanbu.

AMSA: Malam direba, wannan ita ce babbar tambayar wannan fili, domin a nan Bahar Maliya ta bambanta da kogin da ka sani. Kogi ƙasansa laka ne da yashi. Gaɓar nan kuwa, daga Yanbu zuwa Rabig, Suwal, Jidda, Shu'aiba har Lis, mafi yawanta shimfiɗar dutsen murjani ce, sha'ab. Ruwa marar zurfi yakan miƙe a kan dutsen, wani wuri mita gommai wani wuri ɗaruruwa, sai a kai bakin da raƙuman ruwa ke fashewa, wanda masunta ke kira kassara, daga nan ƙasa ta zurma lokaci guda. Kifi na zaune a dutsen nan, abincinsa na nan, maɓoyarsa na nan. Ba za ka guje shi gaba ɗaya ka samu kifi ba, ba kuma za ka jefa darma tsakiyarsa ta dawo ba.

Saboda haka fara zuwa wurin da rana, ko da dare kake niyyar kamu. Tsaya a tudu ka karanta launin ruwa. Inda ya yi haske, fari-fari ko kore mai haske, yashi ne. Inda ya yi ruwan ƙasa ko duhu-duhu, dutse ne. Shuɗi mai duhu zurfi ne. Abin da kake nema shi ne filin yashi da ke maƙwabtaka da dutse, ka jefa a kan yashin, mita biyu ko uku daga gefen dutsen. Sha'ur, wanda shi ne kifin da mai farawa ya fi samu, yana fitowa kiwo a irin wannan wuri, musamman da duhu. Ka riƙe alama a gaɓa, wani dutse ko turke, don ka gane wurin da dare. Jifa mai nisa ba shi ne gwaninta ba. Sau da yawa kifin na cikin mita 20 daga ƙafarka, mai ƙarfin damtse yana tsallake shi yana kai darmarsa cikin dutse.

Sai haɗin da ke rage asara. Ɗaura majuyi a bakin zarenka. A idonsa na ƙasa ka ɗaura zare biyu: ɗaya mai kauri 0.50, tsawon santimita 25, da ƙugiya a bakinsa, ɗaya siriri 0.25, tsawon santimita 60, da darma a bakinsa. Darma ce ke taɓa ƙasa, ƙugiya na lilo a samanta. In darma ta maƙale, siririn zaren ne zai tsinke, ka tsira da ƙugiya da majuyi, wani lokaci har da kifin. Ƙugiya ɗaya ta isa. Masu jera uku da huɗu suna ninka wa kansu hanyar maƙalewa ne kawai. Darma doguwa siririya ta fi mai kusurwa fita daga dutse. Mai kusurwa ta yashi ce, inda ake so ta kafe.

Bayan jifa kada ka riƙa jan darma a ƙasa kaɗan-kaɗan, nan ne take samun rami ta faɗa. Bar ta inda ta sauka. In za ka ɗauko, ɗaga sanda sama da ƙarfi sau ɗaya don ta tashi daga ƙasa, ka naɗe da sauri ba tsayawa, bakin sanda na sama.

In duk wurin dutse ne, to ajiye darma babba ka koma awwama. Ɗaura ta yadda ƙugiya za ta tsaya kamar rabin mita sama da dutsen, da 'yar ƙaramar darma tsakaninsu don zaren ya miƙe. Awwama ta fi koya wa mai farawa, domin da idonsa yake ganin lokacin da kifi ya taɓa, da lokacin da ya ɗauka da gaske ta nutse.

Akwai maƙalewar da ba ta darma ba ce. Hamur, wani kifi mai faɗin baki, na zaune a bakin rami, yana fizgar abinci ya koma ciki ya buɗe murfin kumatunsa ya tokare. Daƙiƙun farko su ne komai. In ka ji ja mai nauyi kusa da dutse, ɗaga sanda ka hana shi komawa, a irin wannan wuri ma ana ƙara ɗaure birki kaɗan. In ya riga ya shiga, sassauta zare ka jira minti biyu ko uku, sau da yawa yakan fito da kansa. In ba motsi, kada ka lanƙwasa sanda kana fizga, haka ake karya ta. Miƙe ta ta nuna inda zaren ya shiga ruwa, riƙe kwarkwaro da hannu, ka ja da baya a hankali har ya tsinke, fuskarka a kawar, don darma kan dawo da gudu. Kada ka naɗe zare a tafin hannu. Bayan kowace maƙalewa, shafa mita biyun ƙarshe da yatsa, in ka ji kaushi yanke ka sake ɗauri. Guntayen zaren kuma a aljihu ake zuba su, suna kashe tsuntsaye da kunkurun ruwa.

TAMBAYA: Ina jin ana taɓa ƙugiya, in na jawo sai in tarar an cinye abincin. Na kusa da ni yana ta kamawa. Wane sirri ne? Daga wani tela a Jidda.

AMSA: Leƙa ƙugiyarsa, za ka tarar ta fi taka ƙanƙanta. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: babbar ƙugiya da ƙaton yanki, ana jiran babban kifi, ƙanana na yagar abincin ta gefe. Ƙaramar ƙugiya na kama babban kifi, babba ba ta kama ƙarami.

Abincin ƙugiya, ɗu'um, a Bangala za ka same shi da sabonsa, babbar kasuwar kifi ta Jidda. Rabin kilo ya ishi mutum ɗaya fita guda. Habbar, halittar tekun nan mai hannuwa da yawa da Turawa ke kira squid, shi ne abokin mai farawa saboda taurinsa. Ɓare fatar, ka yanka shi tsaye-tsaye, faɗin santimita 1, tsawon 4 ko 5, ka soka ƙugiya sau biyu a gefe ɗaya, sauran ya riƙa kaɗawa. Jatan lande, jambari, kifi ya fi son sa amma yana da laushi. Ɓare shi, yanka shi gwargwadon gaɓar yatsa, ka barbaɗa masa gishiri ya kwana a firji, zai yi tauri. Sardin na da ƙarni mai kiran kifi daga nesa, sai dai sai an naɗe shi da siririn zaren roba, in ba haka ba tun a iska zai rabu da ƙugiya. Kifayen da ake kira sijan da arabi kuwa, in su kake son kamawa, kwaɓaɓɓen fulawa ko burodi suke so, da ƙugiya 'yar mitsitsiya a ƙarƙashin awwama. Kowanne ka sa, bar tsinin ƙugiya a waje. Kifi ba ya tsoronsa, tsinin da aka binne cikin nama kuwa ba ya huda baki.

Taɓawa ƙanana-ƙanana ba lokacin ja ba ne. Jira har bakin sanda ya lanƙwasa ya tsaya, sannan ka ɗaga ta da ƙarfi daidai, ba kamar mai sara ba. Canja abinci duk minti 10 zuwa 15, ruwa na wanke ƙamshinsa. Ajiye sauran a kula, kuma ka wanke hannu in ka taɓa fetur ko man shafawa. Minti 40 ba labari, ɗauki kayanka ka matsa.

Lokaci ma na da ruwa a ciki. Daga bayan Asuba zuwa hantsi, da daga La'asar sakaliya zuwa bayan Isha, su ne lokutan cin kifin gaɓa. Tsakar rana rana kawai za ka sha. Bidiyoyin ƙasashen waje suna yawan maganar jiran cikowar teku, amma a wajen Jidda bambancin cikowa da janyewa bai fi santimita 20 zuwa 30 ba. Iska ta fi shi tasiri: ta arewa ce ta fi yawa, takan ƙaru da rana ta lafa da dare zuwa safiya. Ruwan kansa ya fi tudu da damuna ta nan, wato lokacin sanyi, da kusan rabin mita, shi ya sa wurin da ya ba ka kifi a Janairu zai iya zama dutse tsirara a Agusta.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 16 ya dame ni zai bi abokansa bakin teku. Hankalina bai kwanta ba. Me ya kamata in sani? Daga wata uwa a Jidda.

AMSA: Hajiya, damuwarki a wurinta take. Ki bar shi ya je, amma da babba, da sharuɗɗa.

Na farko, ba shiga ruwa zuwa kassara. Zai ga manya suna takawa har can ruwa iya ƙugu. Akwai ramuka a shimfiɗar dutsen, raƙumin ruwa ɗaya na iya kayar da mutum a bakin zurfi, murjani kuma na yanka kamar reza, ciwonsa na saurin ruruwa. Ya tsaya a gaɓa ko a kan gadar da aka tanada don masu kamu. Takalmi rufaffe mai ƙasan roba mai kauri, ba silifa ba. Rigar ceto in zai hau dutse mai ruwa mai zurfi a ƙasa. Ruwan sha lita 2 ko 3 da hula.

Na biyu, duk kifin da bai sani ba kada ya taɓa da hannu, filaya da tawul aikinsu ke nan. Ya haddace waɗannan. Kifin dutse, samakatul hajar, kamarsa ɗaya da dutse mai gansakuka, ƙayoyin bayansa na da dafi mai tsanani, yawanci taka shi ake yi. Kazar teku, dajajatul bahar, mai zane ja da fari da dogayen ƙayoyi baje, kyakkyawa ce mai dafi. Sijan ana cin sa, yana da daɗi, amma ƙayoyinsa na harbi ko bayan ya mutu, a datse su da almakashi. Akam mai dogon baki haƙora gare shi. In ƙaya mai dafi ta soki mutum, a tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure ba ƙonewa, digiri 40 zuwa 45, na minti 30 zuwa 90, zafi na rage ƙarfin dafin. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wa tamau. In kifin dutse ne, asibiti kai tsaye.

Wanda ya fi duka haɗari shi ne talibambam na teku, wanda ake kira karrad ko arnabul bahar, mai kumbura ciki, mai haƙora huɗu da ke datse ƙugiya. Gubarsa na hanta da ƙwai da fata, dahuwa ko suya ba ta kashe ta, kuma ba ta da makari. Alamarta ta farko mutuwar leɓe da harshe. Kada ya shigo miki gida, ko wa ya ce ya iya gyara shi.

Ƙugiya in ta shige nama har kunnenta ya ɓace, kada a ja ta baya. A yanke zaren a tafi asibiti, a duba allurar tetanus. Ya ajiye lambobin nan a wayarsa: 994 ta masu tsaron iyaka, su ke ceto a teku, 997 ta motar asibiti, da 911 da ke aiki a yankin Makka.

TAMBAYA: Ko ina na ga ruwa zan iya jefa ƙugiya? Kuma in na samu da yawa zan iya sayarwa? Daga wani mai karatu a Madina.

AMSA: A'a ga duka biyun. Gaɓar teku iyakar ƙasa ce, tana hannun Haras al-Hudud, wato masu tsaron iyaka. Kusa da tashar jiragen ruwa, wuraren soja, matatun mai da tashoshin tace ruwa irin ta Shu'aiba, ba a kamu. A Kornish ɗin Jidda ma akwai inda aka yarda akwai inda aka kafa allon hani, ka karanta allo. In wurin baƙo ne a gare ka, tambayi ofishinsu mafi kusa, kuma iƙamarka na aljihu kullum. Fita da kwalekwale na buƙatar izini, wanda ake nema ta dandalinsu na Zawil, mai jirgin haya mai rajista ya san hanyar.

Harkar kifin kanta tana ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma. Ita ke rufe kamun wasu kifaye lokacin ƙwai. Najil da ɗaradi a Bahar Maliya akan hana kama su wata biyu daga 1 ga Afrilu, ka riƙa duba sanarwarta kowace shekara. Taru da raga da sayarwa aikin masunta masu lasisi ne. Kai na miya kake nema. Ƙananan da ba su kai tafin hannu ba, jiƙa hannunka ka cire ƙugiya ka mayar da su.

TAMBAYA: 'Ya'yana, ni na ji malamai na cewa farauta don wasa makaruhi ce. Wannan kamun na nishaɗi fa? Daga wani dattijo a Makka.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Haka yake a Risala ta Ibn Abi Zaid: farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba halal ce. Kuma aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa, har ga mai harami. Wanda ya kama gwargwadon abin da gidansa da maƙwabta za su ci, bai bar kifi na shure-shure a kan dutse ba, bai bar salla ta wuce shi ba, nishaɗinsa ya zo tare da amfani. Abin da ya wuce wannan na hukunci, malaman Harami na kusa da ku, sun fi mu.

TAMBAYA: Kafin mu iso Makka daga Shu'aiba kifin ya yi laushi ya fara wari. Makinata kuma ta fara ƙara bayan wata biyu. Daga wani ɗalibi.

AMSA: Kifi na fara lalacewa daga minti na farko, ba daga hanya ba. Wanda aka bari a leda ko a bokitin ruwa mai ɗumi har gari ya waye, ƙanƙarar da aka sa masa daga baya ba za ta dawo da shi ba. Da ka cire ƙugiya, buga masa abu mai nauyi a ka, bayan idanu, ya mutu nan take. Yanka jan naman da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa jini ya fita, ka farke ciki ka cire hanji, ka ɗauraye da ruwan teku. A kula, ƙanƙara a ƙasa, kifi, ƙanƙara a sama, har cikin cikinsa. Kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi, da zafi kilo biyu. Zubar da ruwan da ya narke, kada kifi ya kwanta a ciki, kuma kular ta shiga cikin mota inda na'urar sanyi ke kaiwa, ba but ba. Dirak da tuna da danginsu sun fi buƙatar wannan kulawa, domin in suka ɗumama suna tara wani sinadari mai sa jan fuska da ƙaiƙayi da ciwon kai, suya ba ta kawar da shi. A gida duba ido da nama: ido garau a tashe, naman da ka danna ya dawo. Sha'ur irin wannan shi ake so a sayadiyya, girkin nan na shinkafa da kifi.

Makina kuwa gishiri ne. Bahar Maliya na ɗauke da kusan giram 40 na gishiri a kowace lita, manyan tekuna kusan 35. Duk dawowa, ko ƙarfe nawa ne, ɗaure birki tamau don kada ruwa ya shiga, ka yayyafa mata ruwan famfo a hankali. Kada ka tsoma ta a bokiti, kada ka fesa mata ruwa mai ƙarfi, yana tura gishiri ciki ne. Goge ta, ka bar ta ta bushe a inuwa, sannan ka sassauta birki gaba ɗaya kafin ajiya. Ɗigon man keken ɗinki ɗaya a mariƙi, ɗaya a ɗan gargaren da zare ke bi ta kansa, wanda yawanci shi ke fara ƙara. Wanke zobban sanda ɗaya bayan ɗaya, ka raba gaɓoɓinta kafin gishiri ya manne su. Ƙugiyar da ta shiga ruwa kada ta koma fakiti cikin sababbi, tsatsarta za ta kama sauran. Kada kayan su zauna a mota, zafi na cinye nailan, kuma ko da kulawa a sauya shi duk shekara. In ƙarar ba ta daina ba bayan mai, kai ta shagon kayan su a buɗe ta a sake mata giris, kada ka kwance ta da kanka a karon farko, akwai ƙananan sifirin a ciki da in suka yi tsalle ba a ganin su.